Muhawarar Borno da Sakkwato a Kan Kafirta Mai Salla: Waiwaye Kan Tambayar Ko Musulunci Addinin Zaman Lafiya Ne

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da aka zubar da jini da sunan addini a ƙasar nan, akan ji maganganu iri biyu suna tashi, kowace da masu riƙe da ita. Wasu su ce Musulunci addinin zaman lafiya ne, masu wannan ɓarna kuwa ba Musulmi ba ne ko kaɗan. Wasu kuma su ce ai dama da takobi addinin ya yaɗu, don haka abin da ake gani yau gado ne ba baƙon abu ba. Duk maganganun biyu suna da sauƙin faɗa, domin ba su buƙatar mai faɗinsu ya buɗe littafin tarihi. Ta farkon ma tana da wani ɗan aibi da ba a cika lura da shi ba, wato mai cewa "waɗannan ba Musulmi ba ne" ya ari makamin da yake zargin su da shi, na fitar da mutum daga addini da fatar baki.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a tarihin ƙasar Hausa da Borno, malaman Musulunci sun daɗe suna jayayya a kan wannan al'amari, amma ba da irin lafazin da ake yin ta yau ba. Tambayar da suka ɗauki ƙarnoni suna kai-kawo a kanta ita ce: wane ne yake da ikon ya ce mai salla da azumi ya kafirta, har jininsa da dukiyarsa da 'yancin iyalinsa su halatta? Inda aka fi warware zare da abawar wannan tambaya shi ne cikin wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Shehu Muhammadu Al-Amin Alkanemi na Borno da shugabannin jihadin Sakkwato, daga 1808 zuwa wajen 1812. A kansu ne mafi yawan bayanin zai tsaya.

2.0 Hanyoyi Biyu Tun Farko

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Wangarawa, wato fatake da malamai daga ƙasar Mali, sun iso Kano a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385). Ba su zo da runduna ba. Sun zo da littattafai da haja, suka nemi sarki ya riƙi salla, aka naɗa liman da ladan da alƙali. Sai dai kuma wannan littafi ya ruwaito cewa Yaji ya nemi su taimaka masa da addu'a a yaƙinsa da Santolo, suka kuwa bi shi har fagen fama. Ke nan tun ran fari addinin ya shigo cikin lumana, amma sarauta ba ta ɓata lokaci ba wajen neman ta amfana da shi.

A cikin al'ummar Wangarawan ne aka sami Alhaji Salim Suwari, wanda masana suka saɓa a kan zamaninsa. Lamin Sanneh ya kai shi ƙarni na 13, Ivor Wilks kuwa ya ajiye shi a ƙarshen ƙarni na 15. Koyarwar da aka gada daga gare shi ita ce kafirci jahilci ne ke kawo shi, kuma Allah ne ke da lokacin shiryar da kowace al'umma. Saboda haka ba aikin Musulmi ba ne ya ɗauki makami don ya musuluntar da wani. Ya halatta Musulmi su zauna a ƙarƙashin sarkin da ba Musulmi ba muddin bai hana su addininsu ba, abin da ke kansu shi ne neman ilmi da kyautata hali. Da wannan fahimta ce malaman Jahanke da Jula suka zauna ƙarnoni a tsakanin mutanen da ba Musulmi ba, daga Gambiya har zuwa fadar Asante a Kumasi, inda Turawan da suka ziyarci birnin a 1817 da 1820 suka tarar da Musulmi suna yi wa sarki aikin rubutu da ba da shawara. Irin wannan hanya ta fatauci da karantarwa ce kuma ta yaɗa addinin a garuruwan Yarabawa kamar Legas da Ibadan da Iwo da Epe a ƙarni na 19, fiye da yadda dawakin Ilorin suka iya yi.

Hanya ta biyu ta shigo ne tare da Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan, wanda ya sauka Kano a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Kafin zuwansa, shi ne ya ingiza aka rushe wurin ibadar Yahudawan Tuwat a cikin Sahara, alhali alƙalin yankin, Abdullahi Al'asnuni, bai yarda da fatawarsa ba. A amsoshin da ya rubuta wa Askiya Muhammadu na Songhai, Almagili ya yanke hukuncin cewa Sonni Ali, sarkin da ya gabata, kafiri ne duk da yana salla da azumi, domin yana gauraya Musulunci da tsafi, kuma yaƙar irinsa ya fi yaƙar wanda bai taɓa musulunta ba. Wannan fatawa ta kwanta a cikin littattafai kimanin shekara ɗari uku kafin a tashe ta a ƙasar Gobir.

Ya kamata a fahimci dalilin da ya sa maganar ta wuce gardamar zaure. A fiƙihu ba a bautar da Musulmi ɗa, ba a kuma ganimar dukiyarsa. Da zarar an ce ya kafirta, wannan katanga ta faɗi. Tun a wajen 1391 Sarkin Borno Usman ɗan Idris ya rubuta wa Sarkin Masar Barƙuƙ yana kukan cewa wasu Larabawa suna kame mutanensa, 'ya'ya Musulmi, suna sayarwa a kasuwannin Masar da Sham. A 1615 kuma Ahmad Baba na Tumbuktu ya ba da fatawar da ta lissafa Borno da Kano da Katsina da Songhai cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bautar da mutanensu bai halatta ba.

3.0 Shehu Usmanu Kafin Gudu

Masu ganin jihadin 1804 a matsayin hujjar cewa addinin na takobi ne sukan tsallake shekara talatin da suka gabace shi. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, ya fara wa'azi yana ɗan shekara ashirin, ya zagaya Kabi da Zamfara yana karantarwa da Fulatanci da Hausa. Da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami wajen 1788 ya yi musu kyauta, Shehu bai karɓi dukiyar ba. Abin da ya roƙa shi ne a bar shi ya yi kira, kada a hana kowa amsawa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji.

Wani abin da ya fi wannan muhimmanci ga batunmu shi ne, abokan gardamar Shehu na wannan lokaci ba sarakuna kaɗai ba ne. Akwai wasu ɗalibai masu ilmin tauhidi da suka riƙa tare talakawa suna yi musu tambayoyi kan siffofin Ubangiji, wanda ya kasa amsawa da hujja irin ta malamai sai su ce ba Musulmi ba ne. Shehu ya yi ta rubuce-rubuce yana yi musu raddi, yana cewa imanin gama-garin mutane ingantacce ne, ba a kuma umarci kowa ya tona zuciyar wani ba. Hatta malaminsa Malam Jibrila ɗan Umaru, wanda yake matuƙar girmamawa, ya tafi a kan cewa manyan zunubai suna fitar da mutum daga Musulunci. Shehu ya saɓa masa a rubuce cikin Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya, ya nuna cewa wannan ra'ayin Hawarijawa ne ba na Ahlus Sunna ba. Hawarijawa dai su ne ƙungiyar da ta fara kafirta Musulmi saboda zunubi, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya kashe Sayyidina Aliyu a shekarar 661.

Al'amura sun sauya a zamanin Nafata, wanda ya hana kowa wa'azi in ba Shehu ba, ya hana rawani da lulluɓi, ya ce wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa. Bayansa Yunfa ya aika aka auka wa jama'ar Malam Abdussalami a Gimbana, aka kamo su bayi. Shehu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto a watan Yuni. Babu shakka jama'ar Shehu ce aka fara kai wa hari. Amma da yaƙi ya faɗaɗa zuwa sauran ƙasashen Hausa, sai aka buƙaci hujjar da ta wuce kare kai. A nan ne aka koma ga fatawar Almagili kan sarakuna masu gaurayawa, aka kuma kafa ƙa'idar cewa hukuncin ƙasa hukuncin sarkinta ne: in sarki ya kafirta, ƙasarsa ta zama ƙasar kafirci ko da yawancin mutanenta masu salla ne.

4.0 Tambayar da Ta Fito Daga Borno

Wannan ƙa'ida ta yi aiki a Gobir ba tare da babbar gardama ba. Da aka kai ta Borno sai ta ci karo da dutse. Gidan Saifawa ya musulunta tun ƙarni na 11. Sarakunansa sun yi aikin hajji, sun kafa masaukin ɗalibai a Alƙahira tun ƙarni na 13, ana yi musu laƙabi da halifa, kuma Birnin Gazargamu matattarar mahaddata Alƙur'ani ne da ɗalibai daga ƙasar Hausa kanta suke zuwa ɗaukar karatu. Duk da haka, Fulanin yammacin Borno suka karɓi tuta, a 1808 Gwani Muhtar ya ci birnin, Mai Ahmadu ya gudu ya miƙa wa ɗansa Dunama sarauta.

Wanda Mai Dunama ya nemi taimakonsa ba basarake ba ne, malami ne mazaunin Ngala, wato Muhammadu Al-Amin Alkanemi, wanda aka fi sani da Shehu Laminu. Mahaifinsa malami ne Bakanembe, mahaifiyarsa kuwa daga Fezzan take, shi kansa ya yi hajji ya zauna ƙasashen gabas yana karatu. Da taimakonsa aka ƙwato birnin, Gwani Muhtar ya mutu a fafatawar. Amma abin da ya bambanta Shehu Laminu da sauran waɗanda suka yi tsayayya da jihadin shi ne bai tsaya ga mashi ba. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa Sakkwato, da Larabci irin nasu, da hujjoji daga littattafan da su ma suke karantawa.

Tambayarsa a fili take: ku gaya mana dalilin da ya sa kuke yaƙarmu, kuna bautar da 'ya'yanmu. In kun ce don kafirci ne, to mu muna salla, muna ba da zakka, muna azumin Ramalana, muna raya masallatai. In waɗannan kafirci ne, mene ne Musulunci? Sa'an nan ya bi zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya. Bai musanta cewa a Borno akwai cin hanci a wurin alƙalai, da cin dukiyar maraya, da zalunci, da fitar mata ba lulluɓi ba. Ya ce duk waɗannan saɓo ne, kuma wajibi ne a hana su, amma saɓo ba kafirci ba ne, babu kuma wani zamani ko wata ƙasa da ta kuɓuta daga gare su. Game da yanke-yanken da sarakuna suke yi a wasu wurare, ya ce masu yi suna nufin sadaka ne, jahilci ne ya kai su, magani kuwa shi ne a karantar da su. A nan ya kawo abin da ya gani da idonsa a tafiye-tafiyensa: Masar da Sham ba su fi Borno tsarki ba, a Dimyaɗ ma, garin ilmi, akwai wata bishiya da gama-garin mutane suke yi wa irin abin da ake zargin Barebari da shi, amma babu malamin da ya ce a yaƙe su ko ya kira su kafirai. In an bi ƙa'idarku, in ji shi, to al'ummar Musulmi duka ta kafirta ke nan, har da magabatan da kuke karanta littattafansu.

Bai tsaya a kariya ba, ya juya zargin. Ya ce a cikin masu yaƙi da sunan Shehu ana ganin saɓa alkawari, da kashe mutane, da bautar da 'ya'ya, da wulakanta littattafai ana watsar da su a hanya. Ya kuma faɗi cewa ya karanta littattafan Shehu ya ga sun saɓa wa abin da mabiyansa suke aikatawa. Yana ƙaunar Shehu matuƙar ya dace da gaskiya, in kuwa suka rabu, gaskiya zai bi. A ganina wannan ita ce gaɓar da ta fi yi wa Sakkwato nauyi, domin hujjar da Shehu Laminu ya riƙe ita ce dai wadda Shehu Usmanu ya yi amfani da ita a kan Malam Jibrila.

Muhammadu Bello ne ya fi ɗaukar nauyin amsawa. Ya yarda cewa saɓo ba ya kafirtawa, ya ce su ma ba su taɓa cewa haka ba. Ya kawo labarin yanka ga duwatsu da itatuwa da wasu al'adu na bakin kogi, amma ya nuna cewa labari ne ya iso musu, ba ganin ido ba. Ginshiƙin amsarsa wani abu ne daban: Mai na Borno ya taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu, ya kuma takura wa masu goyon bayanta a ƙasarsa, wanda kuwa ya jiɓinci kafirai a kan Musulmi hukuncinsa hukuncinsu ne. A kan zancen littattafai Bello bai yi musu ba. Ya ba da labarin yadda a wani yaƙi ya ga takardu a warwatse bayan an ci gari, ya yi ta tsinta da hannunsa har ya gaji, sa'an nan ya tara mayaƙa ya tsawata musu; ya ce aikin jahilan runduna ne wajen rububin ganima.

Mai nazari zai lura da cewa hujjar ta sauka daga inda ta fara. Da farko ana maganar aƙidar mutum, yanzu an koma maganar ɓangaren da ya bi a yaƙi. Matsalar wannan hujja ta jiɓinta ita ce tana cin kanta: sai an riga an yarda cewa sarakunan Hausa kafirai ne kafin taimakonsu ya zama kafirci, wannan kuwa shi ne ainihin abin da ake gardama a kai. Kuma ƙofa ce wadda in aka buɗe ta ba ta da marfi, domin duk wanda ya ƙi bin mai tuta ana iya cewa ya jiɓinci maƙiyansa.

Akwai abin yabo guda da ba za a hana Bello ba. Mafi yawan abin da muka sani na hujjojin Shehu Laminu, daga littafin Bello muka same shi, wato Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812. Ya kwafe wasiƙun abokin gardamarsa ya ajiye su kusa da nasa, ya bar mai karatu ya auna.

5.0 Abin da Ya Biyo Baya

Shakku bai tsaya a Borno ba, a cikin gida ma akwai shi. Tun a 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu kuma babban kwamandan Tafkin Kwatto, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka, saboda abin da ya gani na kwaɗayin mulki da dawaki da ƙwaraƙwarai a tsakanin mayaƙa, bayan mafi yawan mutanen kirki na farko sun ƙare a fagen fama. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki bisa shari'a, daga baya ya komo.

Bayan rasuwar Shehu a 1817 sai ga Malam Abdussalami, mutumin da aka fara jihadin saboda an zalunci jama'arsa, ya yi wa Bello tawaye daga Kware yana kukan rashin adalci a rabon ƙasa. Aka yi musayar wasiƙu, aka ce ya haɗa kai da maƙiya, aka yanke masa hukuncin ridda da wannan hujja ta jiɓinta, aka yaƙe shi, ya mutu a farkon 1818.

Shi ma Shehu Laminu bai kamata a mayar da shi waliyyin lumana ba. Ya kafa Kukawa a 1814, ya riƙa janye iko daga hannun Saifawa har sarautarsu ta zama ta suna, ɗansa Umaru ya ƙarasa ta a 1846. A ƙarshen 1826 shi da kansa ya jawo runduna ya nufi Kano, sai da Yakubun Bauci ya tare shi a farkon 1827. Haka kuma akwai abin da ɓangarorin biyu ba su taɓa yin gardama a kansa ba, wato halaccin kai hari da kamen bayi a cikin al'ummun da ba Musulmi ba. Duk muhawarar a kan haƙƙin mai salla aka yi ta. Mutanen duwatsun Bauci da kudancin Zazzau da tsaunukan Adamawa, waɗanda kakanninsu suka sha wannan hari a tsawon ƙarni na 19, suna da nasu tarihin, kuma wanda yake son ya gane dalilin da ya sa kalmar jihadi take tayar musu da hankali, dole ya saurare shi ba tare da ya ce ƙage ne ba.

6.0 Turawa da Laƙabin Tsattsauran Ra'ayi

Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, malamai suka sake rabuwa. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli tare da ɗaruruwan mabiyansa. Waziri Buhari ya zauna, ya rubuta risala yana kafa hujja da cewa ya halatta a yi sulhu da mai rinjaye don a tsare addinin jama'a. Wannan kusan komawa ce ga matsayin Suwari, daga bakin jikokin masu jihadi.

Daga nan ne ma'aunin ya canza hannu. A wurin Lugga da jami'ansa, Musulmin kirki shi ne wanda ya miƙa wuya, mai tsattsauran ra'ayi kuwa shi ne wanda ya ƙi, musamman in ya ambaci Mahadi. A watan Fabrairu na 1906 mutanen Satiru, ƙauyen da ke kusa da Sakkwato, waɗanda yawancinsu talakawa ne da bayin da suka gudo, suka fatattaki wata rundunar Turawa da gatura da fartanya, suka kashe Turawa uku. A watan Maris aka dawo musu da bindigogi masu aman wuta tare da dakarun Sarkin Musulmi Attahiru na biyu, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka shafe garin. A rahotannin Turawa mutanen Satiru ne masu wuce gona da iri. Haka a 1923 aka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu a Dumbulwa bisa zargin shirya tawayen Mahadiyya, aka kai shi Buea ta ƙasar Kamaru, alhali bai ɗaga makami ba. Ke nan laƙabin da a da malamai suke auna shi da ma'aunin aƙida, ya koma ana auna shi da biyayya ga hukuma. Wannan gado bai bar mu ba har yau.

7.0 Daga 'Yan Awaki Zuwa Maiduguri

Muhammadu Marwa ya sami sunan Maitatsine ne saboda tsinuwar da yake yi wa duk wanda bai bi shi ba, waɗanda yake tsine wa kuwa Musulmin Kano ne, masu ɗaura agogo da hawan keke da sauraron rediyo. Sarki Sanusi ya kore shi a 1962, ya dawo bayan wasu shekaru. Rikicin da ya ɓarke a 'Yan Awaki a watan Disamba na 1980 ya ci rayuka 4,177 bisa ƙididdigar hukumar bincike ta Mai Shari'a Aniagolu, sa'an nan ya sake tashi a Bulumkutu da Rigasa a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985. Paul Lubeck ya danganta abin da halin da gardawa suka shiga a birni lokacin da kuɗin mai ya rushe tsohon tsarin da ke ciyar da su, Yusufu Bala Usman kuwa ya ɗora laifin a kan masu juya addini don biyan bukatar siyasa da dukiya. Kowane bayani yana da ƙamshin gaskiya, amma babu ɗayansu da ya kore cewa sai da aka fara kafirta maƙwabci kafin a iya daɓa masa wuƙa.

Ƙungiyar da aka fi sani da Boko Haram ta bi wannan sawu, da hujjar jiɓinta a hannunta. Muhammad Yusuf ya koyar da cewa aiki a ƙarƙashin gwamnatin da ba ta hukunci da shari'a bauta wa ɗagutu ne. Malamai irin su Shaihu Ja'afar Mahmud Adam sun yi masa raddi a bainar jama'a tun kafin rikicin Yuli na 2009, wanda a cikinsa aka kashe Yusuf a hannun 'yan sanda ba tare da shari'a ba. Abubakar Shekau ya faɗaɗa da'irar har ta haɗiye duk wanda ya zaɓi zama a garin da ke hannun gwamnati. Ya kai wa coci-coci hari, ya kai wa makarantu, ya kuma yi alfaharin kashe Shaihu Muhammad Auwal Albani a Zariya a watan Fabrairu na 2014. A ranar 28 ga Nuwamba na wannan shekara aka kashe fiye da mutum ɗari a babban masallacin Juma'a na Kano. A 2016 ƙungiyar ta tsage, ɓangaren Abu Mus'ab Albarnawi ya zargi Shekau da wuce iyaka wajen kafirta Musulmi, har suka rubuta littafi a 2018 suna kiransa Bahawarije, alhali su kansu ba su daina kashe sojoji da Kiristoci da ma'aikatan agaji ba. A hannunsu ne ajalinsa ya zo a dajin Sambisa a watan Mayu na 2021.

Gidan Shehu Laminu ma bai tsira ba. A ranar Juma'a 13 ga Yuli, 2012, bayan an idar da salla a masallacin da ke ƙofar fada a Maiduguri, wani yaro ɗauke da bam ya kutsa cikin jama'a ya nufi Shehun Borno Abubakar Garbai Alkanemi. Shehun ya kuɓuta, mutum biyar daga cikin waɗanda suke kusa da shi suka rasu.